Teburan shayin Kano: inda muka zauna da makin da muka ba su

Duk teburin da muka je, buƙatarmu ta farko ɗaya ce: a ba mu ruwan bunu. Ba madara, ba Milo, sukari cokali ɗaya. Mai shayin da ya yarda da tukunyarsa ba ya damuwa da wannan, wani ma daɗi yake ji. Wanda kuwa ya saba ɓoye ruwan zafi a bayan madara da sukari, nan take za ka ga ya fara tambayarka ko a ɗan ɗiga madara. Da wannan muka auna teburan da muka zagaya a hunturun bana, daga cikin gari har Kabuga, kuma da shi nake so kowa ya auna mai shayin unguwarsu.

Mu abokai ne tun makarantar allo, a Gwammaja muka taso. Ɗaya tela ne a Fagge, ɗaya yana da shago a Kantin Kwari, ɗaya ma'aikacin jinya ne, ɗaya yana tuƙa adaidaita sahu, ni kuma ina koyarwa a firamare. Direban ne ya kawo shawarar, don ya fi mu sanin gari, kuma a babur ɗinsa muka yi yawon. A wasu garuruwan mashaya ce mahaɗar abokai bayan an tashi daga aiki. Mu a Kano, inda aka ƙaddamar da Shari'a a 2000, teburin mai shayi ne, kuma tun kafin lokacin ma haka yake. A nan ake jin wanda ya rasu da wanda zai aurar da 'ya, a nan magini yake samun leburan gobe, a nan ake musun ƙwallo da na siyasa. Wurin da yake da wannan matsayi a rayuwarmu ya cancanci a zauna a duba shi da kyau. Maki goma muka ware: huɗu na ruwan shayi, biyu na tsafta, biyu na daɗin zama, biyu na kuɗi. Ban sa sunan kowa ba, domin da sana'ar nan mutanen suke ciyar da iyali. Wanda na yaba, 'yan unguwarsu za su gane shi.

Abin da ya fi damuna a yawon nan shi ne yadda shayi ya koma ɗan rakiya a teburinsa. Muna yara, teburin mai shayi babbar tukunya ce a kan gawayi, da biredi a jere, da gwangwanayen madara an yi musu dala, sai kiret ɗin ƙwai a gefe. Yanzu katan-katan na indomi ne suka yi dalar. Taliyar nan daga Indunisiya asalinta yake, a ƙarshen shekarun 1980 ta shigo Najeriya, yau babu lungun da ba ta kai ba. Ba ni da rigima da ita, ina ci, 'ya'yana ma suna ci. Na kuma san dalilin masu shayi: ribar faranti ɗaya na indomi da ƙwai ta fi ta kofuna da yawa, kuma wanda ya wuni yana aiki abin da zai riƙe masa ciki yake nema. Amma idan hannun mai shayi da hankalinsa duk suna kan kasko, wa zai kula da tukunya? Sai a bar ta tana tafasa da ruwa zalla. Wanda ya nemi shayi a jefa masa lifton guda a kofi, a tsiyaya ruwa, a miƙa masa. Wannan ko yaro a gida zai haɗa maka shi.

A Kabuga muka fi ganin haka ƙarara, a wani babban tebur da ba shi da nisa da tsohuwar Jami'ar Bayero. Kasko huɗu ne a kan gas, samari uku suna ta aiki, janareta na yi, ga talabijin an kunna wasan Ingila, ga wayoyi fal a wurin caji. Ɗalibai ne suka fi yawa. Da muka ce ruwan bunu, yaron ya dube mu ya ce, "Yallaɓai, shayin kawai?" Ruwan da ya kawo ba launi, ba ƙamshi, sai zaƙi. Indominsu kuwa, gaskiya ɗaya ce, ban ci wadda ta fi ta ba: ba ta caɓe ba, attaruhu da albasa sun ji, sun kuma san daidai lokacin fasa ƙwai a kai. Ma'aikacin jinyarmu ya yaba da tsaftarsu, domin jarka ce mai famfo suke wanke faranti a ƙarƙashinta, ruwan yana wucewa, ba tsoma-tsoma a bokiti ba. Mun ba su shida. Mai jin yunwa ya je, mai neman shayi ya wuce.

Akwai wanda ba na jin daɗin rubutawa, amma dole. A bakin wata tasha ne, da daddare, matafiya suna ta sauka. Bokiti ɗaya ne na wanke-wanke, ruwansa ya yi fari-fari da maiƙo, a ciki ake tsoma kofi a fito da shi a zuba wa na gaba. Tsumman da ake goge tebur, da shi ake goge cokali. Gwangwanin madara a buɗe, ga kwata a bayan benci. Ma'aikacin jinya bai ko taɓa kofinsa ba. Ya ce ta irin wannan ruwan ne taifod da amai da gudawa suke bi daga mutum zuwa mutum, kuma yana ganin ƙarshen abin a gadon asibiti, musamman da damina. Tela ya ja mai shayin gefe, ba a gaban mutane ba, ya ce, "Malam, don Allah a riƙa canja ruwan nan." Mutumin bai yi fushi ba. Cewa ya yi 'yan garuwa sun tsawwala kuɗin jarka, kuma wurin ba famfo. Na yarda da shi a kan tsadar ruwa, duk wanda yake zaune a Kano ya san ta. Amma yana da wuta a gabansa, yana da buta tana tafasa. Ɗauraye kofi da ruwan zafi ba zai karya jarinsa ba. Biyu muka ba shi, su ma don ya karɓi magana da mutunci ne.

Shayin safe daban ne da na dare, kuma wanda yake son ganin na safe ya je bakin Kantin Kwari kafin a buɗe shaguna. Abokinmu ɗan kasuwa ya kai mu wurin wanda ya saba sha. 'Yan dako ne da yaran shago da masu gadin da suka kwana, sai baƙin da suka zo sarin atamfa da shadda daga Nijar da Chadi da Kamaru. Babu zancen zama a nan, yawanci a tsaye ake sha. Mai shayin bai wuce shekara arba'in ba, kuma abin kallo ne. Kofin silba biyu ne a hannunsa. Zai zuba madara da sukari a ɗaya, ya tsiyayo ruwan shayi ta mataci, sannan ya ɗaga hannun dama sama da kansa ya sheƙo shi cikin na hagu da yake wajen gwiwarsa, ya mayar, ya sake, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba, yana yi yana amsa gaisuwa yana lissafin canjin wani. Kafin ya miƙo maka, kumfa ta hau, zafin ya sauka daidai shan mai sauri. Bai tambayi kowa yadda za a haɗa masa ba sai mu baƙi. Ya san mai son kauri, ya san wanda likita ya hana sukari.

Ruwan bununsa yana da ganye sosai, sai dai citta kaɗai ke ciki, ita ma ba da yawa ba. Da na yi masa magana ya ce da safe mutane kauri suke nema, kayan ƙamshi a madara ɓata suke yi. Biredinsa da ɗuminsa ake kawo masa daga gidan biredi, ya tsaga shi ya shafa bota ya cusa wainar ƙwai. Yana karɓar tiransifa, lambar asusun tana manne a jikin teburin, abin da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kusan duk masu shayin garin nan. Bakwai muka ba shi.

Sai sababbin wuraren nan na shayin Larabawa da suka cika gari a 'yan shekarun nan, musamman wajen titin gidan zu da unguwannin Nassarawa. A nan ne muka fi yin musu a tsakaninmu. Wanda muka zauna a cikinsa an shimfiɗa kafet, an jera tuntum, fitilu ko'ina, ga turaren wuta. Takarda ake kawo maka ka zaɓa. A ƙananan kofunan gilashi ake zubawa, kuma tun kafin ka kai baki ka ji kanumfari da kirfa da na'a-na'a. Ni dai na yaba musu, kuma ina nan a kan bakana. Mutanen nan sun dawo wa da tukunya darajarta a lokacin da masu teburin gargajiya da yawa suka yi watsi da ita. Sun nuna cewa Bakano zai fito daga gida takanas don shayi kaɗai, ba don cika ciki ba. Akwai kuma abin da ban taɓa gani a teburin unguwa ba: magidanci da matarsa da 'ya'yansa a zaune a ɓangaren iyali, kowa da kofinsa. Teburinmu na gargajiya na maza ne, mace sai dai ta aiko yaro da fulas. Da na koma gida na faɗa wa maiɗakina, ta ce to sai yaushe za a kai ta, na kuwa kai ta a satin.

Ɗan Kwari bai yarda da ni ba, shi kuɗin ne ya tsaya masa. Ya lissafa cewa abin da muka biya na ƙaramin kofi ɗaya zai saya wa mutum shayi da biredi da ƙwai a unguwa, ya ce kafet da fitila muke biya. Tela kuma zaman ne bai yi masa ba. Ya ce kowa da abokan da ya zo da su yake hira, ba mai shiga zancen wani, wanda ya zo shi kaɗai haka zai tashi shi kaɗai. A nan kam yana da gaskiya. Ma'aikacin jinya shi kuma wani abu ne ya ɓata masa rai: a ƙasan takardar akwai haɗe-haɗen da aka rubuta cewa suna maganin basir da sanyi da ƙarin kuzarin maza. Ya tambayi mai kawowa me aka zuba a ciki, yaron ya ce sirrin gida ne. Ya ce mana citta da kanumfari da zuma abinci ne, ba mai musun amfaninsu, amma duk abin da aka ce magani ne alhali an ƙi faɗar abin da ke cikinsa, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su yi nesa da shi. Ni ma shawarata ke nan. Wani ƙorafin nawa shi ne zuma tana yi musu yawa, sai ka roƙa a rage kafin ka ji ɗanɗanon ganyen. Ni takwas na so a ba su, aka rinjaye ni, aka tsaya a bakwai.

Daga can direba ya biya da mu wurin wani abokinsa Buzu, mutumin wajen Agadas, da yake gadi a wani gida a Nassarawa. Shi ba sayarwa yake yi ba, don haka ba mu sa shi a lissafi ba, amma ba zan iya tsallake shi ba. 'Yar buta ce shuɗiya a kan gawayi, cikin ɗan murhun waya, da koren ganyen nan na ƙasar Sin, da 'yan kofunan gilashi da ba su fi tsawon yatsa ba. Sau uku ake dafa ganye ɗaya. Na farko ɗaci ne mai buɗe ido, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi da na'a-na'a. Tsakanin kowane zagaye sai ya yi ta juya shayin daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, har kumfa ta tsaya. Mun fi awa ɗaya a wurin, kuma ba a tashi bayan na farko, rashin ladabi ne. Ya ba mu labarin yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024, da irin wahalar da suka sha wajen aika saƙo gida. Tela ya tuna masa cewa Fagge tasu ma zangon ayarin mutanensu ce tun zamanin raƙuma. Ya yi murmushi a cikin rawaninsa ya ƙara masa kofi.

Wanda ya ci gasar a cikin gari yake, a wani lungu tsakanin Kasuwar Kurmi da Jakara. Dattijo ne, gemunsa fari fat, kowa Baba yake ce masa. Teburinsa ƙarami ne, benci uku da tabarma ɗaya, sai 'yar fitilar sola a rataye. Da muka yi sallama muka ce ruwan bunu, ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Sannunku da zuwa, samari. Ku zauna, yanzu ya nuna." Bai tambaye mu madara ba.

Tun kafin kofin ya iso hannuna na san mun zo wurin. Launinsa ja ne mai duhu, kana iya hango gindin kofin. Kurɓar farko citta ce take fara gaishe ka, sannan kanumfari ya biyo, can a maƙogwaro kuma ka ji ɗumin masoro da kimba, ba mai ƙona baki ba, irin wanda yake sauka har ƙirji. Ganyen yana nan da ƙarfinsa amma babu ɗacin shayin da ya daɗe a wuta. Daren ana sanyi sosai, hazo ya rufe gari, amma kafin in kai rabin kofi na cire hular sanyi. Direba da ba ya son shayi ba madara, shi ya fara neman ƙari.

Na koma wurinsa da la'asar don in ga yadda yake yi, ya kuwa bar ni na zauna. Ɗan turmi gare shi na ƙarfe. Kullum a ranar yake dakan kayan ƙamshinsa, ba ya ajiye dakakke, ya ce kwana ɗaya ya isa ƙamshi ya gudu. Busasshiyar citta yake fara farfasawa, ba ya mayar da ita gari, sai kanumfari, sai masoro kaɗan, kimba kuwa ƙwanƙwasa ta kawai yake yi ya jefa. A Kurmi yake sayensu wurin 'yan koli, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma da hannunsa yake zaɓa, yana karya citta yana shinshinawa. Kayan ƙamshin su ne suke fara shiga ruwa, su yi ta dahuwa a kan gawayi a hankali. Ganyen shayi shi ne na ƙarshe. Idan ya zuba, ba ya bari ya yi ta tafarfasa, sai ya janye garwashin gefe ya rufe tukunya. Ya ce a nan masu shayi da yawa suke kuskure, su zuba ganye tun farko su bar shi a wuta har dare, ya yi baƙi ya yi ɗaci, sai a nemi sukari a rufe. Ganyen gari yake amfani da shi, ba mai zare ba, kuma ya fi son na Mambila, wanda ake nomawa a Kakara cikin jihar Taraba. Mutane da yawa ba su ma san ana noman shayi a ƙasar nan ba.

Na tambaye shi yadda ya yi a 2023, shekarar da cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna, wajen su Kachiya da Jaba, inda mafi yawan cittarmu take fitowa, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Shekarar ce kuma aka cire tallafin mai a watan Mayu, sukari da madara da gawayi duk suka bi. Na san masu shayin da suka koma zuba barkono don a ji yaji a ɗauka citta ce. Baba ya ce shi rage girman tukunya ya yi. "Gara in dafa kaɗan mai kyau ya ƙare da wuri, ɗana, da in cika ta da ruwa." Har yau haka yake yi. Idan tukunyar ta ƙare, ta ƙare, ba ya ƙara ruwa a kan tsohon ganye.

Ba ya sayar da indomi. Wanda ya nema sai ya nuna masa wani yaro a bakin titi ya ce ya je can, ya iya. Yana soya ƙwai, yana da biredi, amma abin da ya fi tafiya a teburinsa gurasa ce, wadda ake kawo masa daga gidajen Jakara da yamma. Ku gwada gurasa mai ɗumi da ruwan bunu mai citta, ku bar biredin nan mai zaƙi na rana ɗaya. Wanda yake son madara ana zuba masa, ta gwangwani ko ta gari, kuma ko da madarar ana jin shayin a ƙarƙashi.

Ma'aikacin jinya ya zagaya bayan tebur kamar yadda ya yi a ko'ina. Bokiti biyu ya gani, na sabulu da na ɗauraya, kuma kafin a zuba wa kowa sai Baba ya tsiyaya tafasasshen ruwa daga buta ya kewaya kofin da shi ya zubar. Madara a rufe take da ɗan faranti. Cikakken maki ya ba shi, shi da bai ba kowa cikakke ba sai mutanen Kabuga.

Majalisar wurin ita ma sai da muka yi zancenta a hanya. Dattawan unguwa ne a benci na gaba, masu sana'ar fata da maɗinka hula da 'yan kasuwar Kurmi da suka tashi, matasa a tabarma. 'Yar rediyo tana gefen tukunya, idan lokacin labarai ya yi kowa sai ya yi shiru, a gama sannan a ɗora sharhi. Ba a yi minti goma ba wani dattijo ya tambaye mu 'yan ina ne, da muka ce Gwammaja ya fara lissafo mutanen da ya sani a can, har aka gano ya yi zaman kasuwa da kawun tela. Ana musu sosai. A gabanmu aka yi na Kano Pillars, wani yana cewa tun bayan kofunan 2012 da 2013 da 2014 ba a sake haɗa 'yan wasa irin waɗancan ba, wani yana cewa ai na 2008 sun fi. Da zancen ya gangara kan rigimar masarauta, wadda ta raba kan gidaje da yawa a cikin gari tun daga 2020, murya ta fara tashi, sai Baba ya ɗan buga ludayi a bakin tukunya ya ce, "Jama'a, a bar wa manya." Aka bari. Ba a zagi a teburinsa, kowa ya sani. Wani almajiri ya zo ya tsaya daga nesa, Baba ya kira shi ya zuba masa a robarsa ya gutsura masa gurasa, bai ko katse hirar da yake yi ba. Na kuma ga mutum biyu sun sha sun tashi da "sai gobe, Baba," bai rubuta komai ba.

Tara muka ba shi, ba wanda ya yi musu. Ɗayan da muka riƙe na wurin zama ne. Lungun matsattse ne, idan mai kura ya zo wucewa sai na bakin benci ya tashi, hasken bai isa ba, kuma in mutum goma sha biyu suka zauna na sha uku a tsaye zai sha. Ɗan Kwari, da ya yi ta ƙorafin kuɗi a ko'ina, a nan cewa ya yi Baba yana cutar kansa, ya kamata ya ƙara. Baba ya ce ya san aljihun mutanensa.

Mai son zuwa ya je tsakanin magariba da lisha, domin a daren da ake sanyi ba a daɗewa bayan lisha tukunyar take ƙarewa. Ranar Juma'a ya fi cika. Baba ba ya karɓar tiransifa, a riƙe kuɗi a hannu, 'yan canji sun fi. Mota ba ta shiga lungun, adaidaita ma da ƙyar, sai a ajiye a bakin titi a taka da ƙafa.